Mutuncin Iyali Ba a Katanga Yake Ba

A biranen Kaduna, Kano da Abuja, malamin makaranta da ma'aikaciyar jinya da akawu suna cikin ƙunci game da wurin zama. Albashinsu bai kai sayen fili a cikin gari ba, ga masu gidaje suna neman kuɗin hayar shekara guda a dunƙule. Dokar 1992 ta kafa Asusun Gidaje na Ƙasa, ta kuma tanadi a cire kashi 2.5 cikin ɗari na albashin ma'aikaci, duk da haka da yawa suna yin ritaya a gidan haya.

Me muke yi? Mukan gudu bayan gari, mu yi shekaru muna aza bulo ɗaya bisa ɗaya, domin mun ɗauka cewa mai mutunci ba ya haɗa ƙofa da kowa. Uba ya fita tun asuba, ya dawo yara sun yi barci. Ya sami katanga, amma ya rasa lokacin zama da iyalinsa. Ashe wannan riba ce?

Kakanninmu ba su ga abin kunya a tarayya ba. Gidan gargajiya yana da zaure ɗaya da rijiya ɗaya, amma kowane magidanci da sashensa. Abin da ke ƙasƙantar da mutum a gidan haya na yau shi ne cunkoso, banɗaki ɗaya ga iyalai da yawa, da tsoron kora. Laifin yana ga tsarin da ya mai da gida haja kawai.

A birnin Zurik na ƙasar Suwizalan, kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na gidajen haya ba na neman riba ba ne; yawancinsu na ƙungiyoyin gama kai ne. Mazauna su ne masu ginin, haya kuwa gwargwadon abin da aka kashe. Kowane iyali da ɗakunansa, ana tarayya a wurin wanki da filin wasan yara. A 2011 mutanen birnin suka kaɗa ƙuri'a a kai adadin kashi ɗaya cikin uku nan da 2050.

Mun riga mun san adashi, a unguwa da cikin Ikkilisiya. Me zai hana iyalai ashirin su haɗa ƙarfi su gina bene ɗaya? Za a saɓa, tabbas, gama zo mu zauna zo mu saɓa ne. Sai dai ƙaunar maƙwabci tana bukatar maƙwabcin da muke gani kowace safiya, wanda za mu koyi haƙuri da shi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.