Keken Gida Ko Na Waje, Wanne Ya Kamata Ka Saya?

Ya kai mai karatu, a ce kai manomi ne a Dingaya. Kaka ta yi, ka sayar da riɗi, ka ƙulle kuɗinka, ka nufi kasuwar Sara ko ta Birnin Kudu domin ka sayi keke. Mai kaya ya nuna maka guda biyu. Ya ce ɗaya a ƙasan nan aka harhaɗa shi, ɗayan kuwa daga Sin ya fito, ya kuma fi araha. To, akwai daidai da kuskure cikin zaɓen da za ka yi? Waɗansu su kan ce ciniki ciniki ne, ba ruwansa da halin kirki. Ba haka ba ne, gama kowane kuɗin da ya bar hannunka abincin wani ne, ya kamata kuwa ka san gidan da za shi.

Bari mu fara da labarin keken kansa, domin kada mu yi shari'a cikin duhu. Kakanninmu sun san keken Raleigh, wanda su ke ce da shi Rali. A birnin Nottingham na Ingila aka fara ƙera shi tun kafin 1900. Jirgin ruwa ya kan kawo shi Ikko, jirgin ƙasa kuma, wanda hanyarsa ta iso Kano a 1911, ya hauro da shi arewa. Daga baya kamfanin ya kafa ma'aikata a Kano, 'ya'yan ƙasa suka sami aiki a ciki, suka ci da iyalansu. Amma daga 1986, sa'ad da gwamnati ta sake tsarin tattalin arziki, darajar naira ta faɗi, kayan da a ke sayowa daga waje domin ƙira suka yi tsada, wutar lantarki kuma ba ta tsayawa. Ma'aikatu da yawa a Bompai da Sharaɗa da Calawa suka rufe. Ma'aikatar ƙarfe ta Ajaokuta, wadda aka soma ginawa a 1979, ba ta kai ga ba da ƙarfen da aka sa rai ba. Manyan kamfanonin taya biyu suka daina ƙira a ƙasan nan, Michelin a 2007, Dunlop a 2008. Cikin waɗannan shekaru kekunan Sin da na Indiya, irin su Phoenix da Hero, suka cika kasuwanni. Ko a Ingila ma an rufe ma'aikatar Raleigh ta Nottingham a 2002, aka mai da ƙirar ƙasashen Asiya.

Ka ga ashe sunan da ke jikin keke ba ya gaya maka hannun da ya yi shi. Sa'ad da mai kaya ya ce maka wannan na gida ne, yawanci abin da ya ke nufi shi ne a nan aka harhaɗa, amma ƙarfen da kacar da birkin daga ƙetare suka zo. Saboda haka abin da za ka tambaya shi ne, nawa ne cikin aikin keken nan ya tsaya a hannun mutanenmu?

Mutane uku su ke da hakki a kanka cikin wannan ciniki, sai ka auna su bi da bi.

Na fari iyalinka. Keken nan shi zai kai hatsi kasuwa, ya ɗebo ruwa, ya kai yaro makaranta, wata rana da dare ya kai mara lafiya asibiti. Idan ka sayi rarrauna, ko na gida ne ko na waje, ya karye a hanya da buhu a bayansa, matarka da 'ya'yanka ka cuta. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Matalauci kuma wanda kuɗinsa bai kai na mai tsada ba, babu laifi a kansa idan ya sayi wanda ya iya. Kada kowa ya ɗora masa kayan da ba zai iya ɗauka ba.

Na biyu maƙwabcinka. Kuɗin da aka biya ma'aikaci a Kano ba ya nisa. Da shi zai sayi gero da wake, mai yiwuwa daga gonarka suka fito. Dubi abin da ya sami tufafi. Sa'ad da masaƙun Kaduna da na Kano suka yi ta rufewa, atamfar Sin ta cika Kantin Kwari, dubban ma'aikata suka zauna gida, manoman auduga na wajen Funtuwa da Gusau kuma suka rasa masu saye. Kowane mai saye ya ga ya rage 'yan kuɗi kaɗan, amma da aka tara, asarar ta faɗa kan gidaje masu yawa. Domin wannan, idan keke biyu sun yi daidai wajen ƙarfi, ko bambancin kuɗinsu kaɗan ne wanda za ka iya ɗauka, ka zaɓi wanda aikinsa ya fi yawa a gida. Wanda ya raina abu domin kawai ɗan'uwansa ne ya yi, yana neman a ce nasa daga turai ya fito, girman kai ne ke jansa.

Na uku baƙon da ba ka taɓa gani ba. Maƙerin da ke Shanghai ko Ludhiana mutum ne kamarka, Allah ɗaya ya yi ku, shi ma yana da yara masu jiran tuwo. Ka kuma tuna inda kuɗin hannunka ya fito. Riɗin Jigawa a kan kai shi Japan da Sin da Turkiyya, zoɓorodo kuma har Meziko. Da mutanen can sun rantse ba za su taɓa amfanin gonar baƙo ba, da ba ka sami abin sayen keke ba. Saboda haka kada ka ce ciniki tsakanin ƙasashe mugun abu ne, kada kuma ka zargi wanda ya hau na waje. Ka fifita na kusa domin shi ne hannunka ya fi kai wa, ba domin ƙin na nesa ba.

Akwai kuma abin da ba shi da shakka ko kaɗan, wato gaskiya cikin ciniki. Idan ka san keke ta fasa-ƙwauri ya shigo, ba a biya kuɗin fito ba, arahar tasa ta sata ce, gama an hana baitulmali hakkinsa, an kuma karya ɗan kasuwan da ya biya. Idan kai ne mai sayarwa, kada ka manna wa keke sunan da ba nasa ba, kada ka shafa wa tsoho fenti ka ce sabo ne. Idan kuma kai ne mai harhaɗawa, kada ka ɓuya bayan ƙaunar ƙasa ka yi aikin ha'inci, kana cewa tilas a saya domin na gida ne. Mai son 'yan'uwansa su fifita kayansa sai ya yi musu aikin da ya cancanta.

Kada kuma ka manta da mai gyaran keke da ke zaune gindin itace a bakin kasuwarku. Cikin dukan masu cin abinci da keken nan shi ya fi kusa da kai. Keken da za a hau shekara da shekaru, ana yi masa faci, ana sake kaca da taya, zai bar kuɗi a garinku kowace shekara, ko da a ce daga ƙetare ya zo. Wanda ba a samun kayan gyaransa kuwa, ran da ya lalace sai a jingine shi a bayan rumbu. Kafin ka biya, je ka tambayi mai gyaran, gama ya san wanda ke jimrewa da yashi da kaya.

Ga shawara ke nan, ɗan'uwa. Ka tambayi inda aka yi keken, ka bincika ko ta hanyar gaskiya ya shigo, ka tabbata zai yi wa iyalinka aiki, a kuma iya gyara shi kusa. Idan na gida ya cika waɗannan, saye shi ko da ƙarin kaɗan. Idan bai cika ba, sayi na waje da zuciya ɗaya, ka riƙa biyan mai gyara ladansa ba da ƙwara ba. Allah wanda ya ke ganin mudu da ma'auni yana ganin wannan ciniki kuma.