Tsakanin Hadari da Haɗari

Akwai kalmomi biyu a Hausa da 'yar ƙugiya ɗaya tak ta raba su: hadari da haɗari. Na farko shi ne wanda manomin Ƙaraye ke ɗaga kai yana nema ta gabas idan bazara ta tsananta, in ya haɗo a shiga neman iri. Na biyu kuwa jaje ake yi a kansa. A wayoyinmu, da yake ba kowa ke da haƙurin laluben harafi mai ƙugiya ba, duka biyun kan fito da kama ɗaya. Mu da muke sana'ar rubuta manhaja mun san kwamfuta ba ta wannan sakacin. A wurinta harafin d lamba ce, 100, harafin ɗ kuma 599. Ba ta taɓa ɗaukar ɗaya a madadin ɗaya.

To, a ce alhazan Rogo sun taso daga Jidda, sai wani ya turo saƙo gida ta WhatsApp cewa "jirginsu ya shiga hadari". Wanne yake nufi? Kafin a tantance, wata uwa ta riga ta ɗora hannu a ka. Kuma ba za a ga laifinta ba, domin mutanen Kano ba su manta ba. Ranar 22 ga Janairun 1973 jirgin alhazai ya yi haɗari wajen sauka a filin jirgin Kano, mutum 176 suka rasu. Ranar 4 ga Mayun 2002 wani ya faɗa unguwar Gwammaja jim kaɗan bayan tashinsa. Wanda ya taɓa jin irin wannan labari, ko inuwar kalmar ya gani sai gabansa ya faɗi.

Abin da jirgi ya fi gamuwa da shi a sama shi ne gargada, kalmar da muka aro daga hanyar da ba ta ga kwalta ba. Iska ma tana da tudu da kwari kamar ruwa. Idan rana ta gasa ƙasa, iska mai zafi kan yi sama, jirgin da ya ratsa ta sai ya yi tsalle. Cikin hadarin damina iska na hawa da sauka da ƙarfi. Can ƙololuwa kuma, inda iska mai tsananin gudu ke gogayya da mai tafiya a hankali, akan sami gargada alhali sama garau take, kuma na'urar hangen yanayi da ke hancin jirgi ba ta ganinta, saboda ɗigon ruwa take iya gani. Matuƙa sun kasa gargada mataki-mataki, daga mai sauƙi zuwa matsakaiciya zuwa mai tsanani, kowanne da alamominsa, domin idan matuƙi ya ba da rahoto na bayansa ya san ainihin abin da ke gabansa. Su kuma masu ƙera jirage, doka ta wajabta musu su tabbatar fiffike zai jure ninki ɗaya da rabi na nauyi mafi girma da ake tsammanin zai taɓa hawa kansa.

Saboda haka idan murya ta fito daga lasifika tana cewa za a ɗan shiga gargada, kowa ya ɗaura bel, akasari gaskiya ake faɗi. Amma wannan "ɗan" ɗin ya isa a tsaya a kansa. Shin ya halatta a rage wa magana kaifi don a kwantar wa mai tsoro hankali? A ina lallashi ke ƙarewa, ƙarya ta fara?

Mu Hausawa gwanaye ne a wannan fanni. Mai jinya na kwance rai a hannun Allah, a tambaye shi jiki, ya ce da sauƙi. A tambayi wanda ya kwana da yunwa, ya ce lafiya lau. Babu mai kiran wannan ƙarya, domin mai tambaya da mai amsa duk sun san dokar zancen. Kara ce da kunya da kyautata zato, kuma su ne suke sa wahala ta ɗauku. Al'ummar da ba ta da irin waɗannan kalmomi zama cikinta zai yi ɗaci.

Sai dai akwai wurin da kara ke kisa. Ranar 25 ga Janairun 1990 wani jirgin kamfanin Avianca da ya taso daga Kolombiya ya daɗe yana shawagi a sararin Amurka yana jiran izinin sauka a birnin New York, mai yana ta ƙarewa. Matuƙan sun sanar da masu kula da zirga-zirgar jirage cewa mansu ya yi ƙasa, har suka nemi a ba su fifiko. Abin da ba su furta ba shi ne kalmar da aka keɓe wa halin mutuwa ko rayuwa, wadda da jin ta ake kawar da kowa a ba jirgi hanya. Mai sauraro ya ji roƙo, alhali ihu ya kamata ya ji. Man ya ƙare, jirgin ya faɗi, mutum 73 suka mutu. Ba wanda ya yi ƙarya a wannan dare. Kalmar ce kawai ta gaza nauyin halin da ake ciki.

Ita ma gargadar ba kullum take zama "'yar" ba. Ranar 21 ga Mayun 2024 jirgin Singapore Airlines daga Landan ya gamu da mai tsanani a sararin Miyanma. Cikin abin da bai kai daƙiƙa biyar ba ya yi ƙasa da kusan mita 54. Waɗanda ba su ɗaura bel ba suka yi sama suka bugi rufi, mutum ɗaya ya rasu, da dama suka jikkata. Jirgin kansa ya sauka lafiya a Bankok. A nan gida ma mun ga ranar da hadari ya zama haɗari: 29 ga Oktoban 2006, lokacin da jirgi mai zuwa Sakkwato ya tashi daga Abuja cikin mummunan yanayi, iska ta juya masa farat ɗaya, aka rasa mutum 96, cikinsu har da Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo.

Kada kuma a ɗauka mafita ita ce a riƙa zuzuta komai. Wanda ya sauka daga jirgi bayan girgizar minti biyu ya rubuta cewa sun tsallake rijiya da baya, shi ma ya ci amanar kalma. Ya tsorata tsohuwar da ta shekara goma tana tarin kuɗin kujera, ya kuma sa gobe in an yi gargaɗin gaske a ce ai haka suke faɗi kullum. Mai ragewa da mai ƙarawa duk abu ɗaya suka ɓata: sun hana mai sauraro auna abin da ya kamata ya yi.

A ganinmu ma'aunin ke nan. Kafin mu sassauta magana, mu tambayi kanmu: akwai abin da wannan mutum zai aikata in ya ji ainihin lamarin? Idan babu, kamar majinyacin da likita ya gama nasa, tausasawa jinƙai ce. Idan akwai, to ainihin kalmar haƙƙinsa ce, ɓoye ta kuwa zalunci ne ko da da murmushi aka yi. Shi ya sa "'yar gargada" ba ta zama ƙarya a bakin ma'aikaciyar jirgi, muddin ta haɗa da "a ɗaura bel" kuma ta bi layi tana dubawa. Ta rage tsoro, ba ta rage abin yi ba.

Yawancinmu ba za mu taɓa riƙe linzamin jirgi ba, amma kullum muna riƙe da irin wannan amana. Bakanike da ya duba birki ya ce "zai kai ku", direban da zai kwashi fasinja daga Ƙaraye zuwa Kano da sanƙon taya yana cewa ba komai, mai kwalekwale a madatsar ruwan Challawa da ya hango hadari ya ce a shigo kawai, har da mu masu manhaja idan muka ce wa mai aiki "'yar matsala ce" alhali kuɗin mutane ke zurarewa: kowannenmu yana da lokacin da ya kamata ya ajiye kara ya kira abu da sunansa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Sauran ranaku kuwa, a ci gaba da amsa gaisuwa da lafiya lau.