Sunan da Ba a Rubuta a Jikin Ledar Iri

Da zarar hadari ya fara haɗuwa a gabas, shagunan kayan noma a Giwa da Funtuwa da Saminaka sai su cika maƙil. Taki na jibge a gefe, maganin feshi na kan kanta, ledojin iri kuma an jera su iya ganinka. Manomi ya shigo ya ce a ba shi masara mai saurin nuna, ko wadda wuta-wuta ba ta kashewa. Mai shago ya miƙo leda, a jikinta an buga SAMMAZ da wata lamba. In gyaɗa ce SAMNUT, dawa SAMSORG, wake SAMPEA, auduga SAMCOT. Ga sunan kamfanin da ya ƙulla ledar, ga lambar waya, ga hoton gona kore shar. Sunan wanda ya fitar da irin ne kawai ba za ka gani ba, kuma ba wanda ke tambaya.

Duk waɗannan daga Samaru suka fito, daga Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Cibiyar ma ta girmi jami'ar nesa ba kusa ba: tun 1922 Turawa suka kafa tashar gwajin noma a wurin, sai a 1962, da aka buɗe jami'ar ranar 4 ga Oktoba, aka mayar da ita ƙarƙashinta.

To amma ka zauna a majalisar tsofaffin ɗalibai ka ce a lissafo maka manyan da jami'ar ta yaye. Ba sai an yi dogon tunani ba. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa, wanda ya karanta kimiyyar sinadarai ya zama shugaban ƙasa a 2007. Atiku Abubakar, da ya yi difloma ta shari'a a harabar jami'ar da ke Kongo a 1969. Namadi Sambo daga sashen zanen gine-gine. Sanusi Lamido Sanusi daga tattalin arziki, Nasiru El-Rufa'i, Nuhu Ribadu, Jerry Gana, Donald Duke na Kuros Riba. Daga nan sai a shiga gwamnoni da ministoci da sanatoci, har maƙogwaro ya bushe ba a ƙare ba. Ba ƙarya a ciki. Jami'ar da Sardauna ya zama ubanta na farko ta cika ofisoshin Najeriya da mutanenta, kuma dalilin kafa ta ke nan tun farko: a lokacin Arewa ba ta da isassun 'ya'yanta da za su riƙe ma'aikatu in Turawa sun tafi.

Sai dai jerin nan bai taɓa gamsar da ni ba. Jami'a ba ta naɗa gwamna. Jam'iyya ce ke yi, da gidan da mutum ya fito, da ubangida, da kuɗi, da rabo. Abin da jami'ar ta bai wa 'Yar'aduwa shi ne ilimin sinadarai, wanda ya koyar na wasu shekaru kafin ya shiga kasuwanci da siyasa. Kujerar Abuja kuwa ta wata hanya ta zo. Sannan jerin yana da son kai. Ranar da aka rantsar da mutum, sai a buga hotonsa a jarida ana cewa ɗanmu ne, mu muka yaye shi. Ranar da hukumar yaƙi da cin hanci ta gayyaci wani, ba ka jin ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ta ce uffan. In jami'a ce ta yi na farkon, ai ita ta yi na biyun ma.

Irin da ke cikin ledar nan kuwa aikin jami'a ne tsantsa, ba wanda zai yi jayayya. Mai binciken zai zaɓi masara biyu, ɗaya mai yawan amfani amma raguwa, ɗaya mai jure fari ko ƙuduji amma ba ta cika rumbu. Ya rufe goyon ɗaya da 'yar jaka kafin gemunta ya fito, don kada iska ta kawo mata bununin da ba a so, ya kaɗo bununin ɗayar da hannunsa ya zuba mata. Abin da aka girbe a sake shukawa, a duba layi-layi, a zubar da mafi yawa, a ajiye kaɗan. Damina ɗaya gwaji ɗaya ne, sai fa in an bi da noman rani a Kadawa don a rage jira. Bayan shekaru, in an sami wanda ya tsaya da ƙafarsa, a kai shi wurare masu ruwa da ƙasa daban-daban, irin su Minjibir da Talatar Mafara, sannan a ba manoma su gwada a gonakinsu su faɗi ra'ayinsu. Sau da yawa a nan ake faɗuwa: irin ya yi kyau a awo, amma matan gida sun ce tuwonsa ba ya kwana, ko manomi ya ce karan gyaɗar bai isa harawa ba. Wanda ya tsallake duk wannan ne ake kai wa kwamitin ƙasa da ke zama a Ibadan ya yi masa rajista ya ba shi lamba. Tsakanin barbarar farko da ledar shago, shekara goma ba abin mamaki ba ce. Akwai wanda ke fara aikin ya yi ritaya wani ya ƙarasa. Kuma ba Samaru kaɗai ba. Da yawan irin an yi su ne tare da cibiyar IITA ta Ibadan da ICRISAT.

Masu shekaru sun san abin da rashin wannan aiki ke jawowa. A 1975 kuturtar gyaɗa, wadda darɓa ke yaɗawa, ta share gonakin Arewa bayan farin da aka sha a farkon shekarun 1970. Manoma da yawa suka bar gyaɗa suka koma wake da dawa, dalar gyaɗar Kano, wadda da ma ta fara raguwa, ta zama labari. Irin da ke jure cutar kuma ya nuna da wuri, kamar SAMNUT 24 da aka saki a 2011, shi ya sa mutum ke iya sake zuba jarinsa a gyaɗa ya yi barci. Mai ƙuli-ƙuli da mai man gyaɗa suna cin moriyar wasu mutane da suka ƙare ƙuruciyarsu suna ƙirga ganye a rana. Haka kazar Shika Brown mai ƙwai, da aka fitar a cibiyar binciken dabbobi ta Shika don ta jure zafinmu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Akwai wani Bature, David Norman, da ya yi aiki a Samaru daga tsakiyar shekarun 1960 zuwa 1976, wanda labarinsa ya fi burge ni. A zamanin, abin da ake koya wa malaman gona shi ne su hana manomi haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya, wai ƙauyanci ne, a shuka abu guda a jere kamar yadda ake yi a Turai. Norman da ma'aikatansa suka zauna a ƙauyukan Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi, suna bin gida-gida suna rubuta awa nawa aka yi a gona, me aka kashe, me aka girbe. Lissafi ya nuna manomin ne ke da gaskiya: haɗa shukar ya fi ba shi riba a kan wahalarsa, kuma in ruwa ya yi gardama ba ya tashi a tutar babu. Daga irin wannan aiki ne masana noma a ƙasashe da dama suka koyi fara tambayar manomi kafin su ba shi shawara. Matasan da suka riƙa ɗaukar bayanan nan a kan keke, cikin taɓo, su ma 'yan jami'a ne ta wata fuska, ko da ba su taɓa sa rigar yaye ba.

Ba a gona kaɗai abin yake ba. Duk wanda yau ya buɗe baki yana maganar tarihin Kano ko Katsina ko Daular Usmaniyya da hujja, ba tatsuniya ba, akwai hannun Abdullahi Smith a bakinsa, ko ya sani ko bai sani ba. Baturen Ingila ne da ya kafa sashen tarihi na jami'ar a 1962, ya musulunta, ya dage a tattara rubuce-rubucen malamanmu na Larabci da ajami a karanta su a matsayin madogara, ya assasa Gidan Arewa a Kaduna a 1970, ya rasu a 1984. Daga hannunsa Yusufu Bala Usman ya fito, wanda ya rubuta tarihin sauye-sauyen Katsina, ya kuma shafe shekaru yana nuna yadda masu mulki ke wasa da addini da ƙabila don biyan buƙatarsu, har rasuwarsa a 2005. Shi kam ana tuna shi, domin yana da baki kuma bai iya shiru ba. Amma dubban malaman sakandare da suka zauna a ajinsa suka watsu a Arewa suna koyarwa, ba wanda ya taɓa jera su.

Ko cikin shugabannin jami'ar, abin da aka fi riƙewa shi ne muƙamin da suka samu a waje. Ishaya Audu likitan yara ne, Kirista da ya yi makaranta a Wusasa, kuma likitan Sardauna. Ya karɓi jami'ar daga Norman Alexander a 1966, shekarar juyin mulki da kashe-kashe, bai kai arba'in ba, ya riƙe ta har 1975, cikin yaƙin basasa, lokacin da ma'aikata da ɗalibai da yawa suka gudu. A hannunsa aka kafa makarantar likitanci. Amma in an ambace shi sai a ce wanda ya yi wa Azikiwe mataimaki a takarar 1979, ministan harkokin waje na Shagari. Iya Abubakar da ya gaje shi gwanin lissafi ne tun kafin ya zama sanata, sai dai sanatan aka fi sani.

Gwamnati ma ta nuna irin darajar da take bai wa malami. A 1988 aka ɗauke Patrick Wilmot, ɗan Jamaika da ya koyar da ilimin zamantakewa a Zariya kusan shekara goma sha takwas, aka sa shi a jirgi aka fitar da shi daga ƙasar saboda bakinsa. A 1995 aka turo soja, Manjo Janar Mamman Kontagora, ya zama kantoman jami'ar. A 2022 malaman jami'o'in gwamnati sun yi wata takwas suna yajin aiki, a ƙasar da majalisunta da ma'aikatunta ke cike da waɗanda ake jerawa a matsayin abin alfaharin waɗannan jami'o'i. Digirin girmamawa kuwa kowa ya san inda yakan nufa.

Wani zai ce ai masu binciken ba su nemi a san su ba, albashinsu suke karɓa, kuma sunayensu na nan a kundin rajistar iri da mujallun masana. Haka ne. Damuwata ba tasu ba ce, ta yaron da ke aji ɗaya ce. Abin da jami'a ke tafa wa shi ne abin da take gaya masa ya zama. In duk hotunan da yake gani a kalanda na masu jiniya ne, to ya gane cewa sashen noma da ɗakin gwaji wurin wanda bai sami gurbin shari'a ko likitanci ba ne, zai kuma yi karatun da ido ɗaya a kan ƙofar fita.

A 'yan shekarun nan an sami mai fitar da iri guda da sunansa ya shiga rediyo da jaridu, wato Farfesa Mohammad Ishiyaku, wanda ya jagoranci aikin waken SAMPEA 20-T da aka saki a ƙarshen 2019. An sa wa waken ƙwayar halitta daga wata ƙwayar cuta ta cikin ƙasa don ya kashe tsutsar da ke huda kwanso, masu aikin suka ce feshin da ake yi sau shida zuwa takwas zai koma biyu. Wasu ƙungiyoyi suka tashi tsaye suna cewa ba su yarda da abincin da aka taɓa halittarsa ba, ana ta muhawara har yau, har a majalisa. Rigimar ce ta sa 'yan jarida suka nemi ofishinsa. Irin wake goma sha tara da cibiyar ta saki kafin wannan, an shuka su an ci, ba a yi hira da kowa ba.