WANDA BAI YI MAIMAI BA, KADA YA JIRA DAMI



Yau da ku nake, matasanmu masu koyon haɗa manhaja da wasannin waya. Da yawanku kun iya farawa, ƙarasawar ce ke gagara. Yaro zai ɗauko aikin mayar da wasan dara cikin waya, sati biyu yana ta zumuɗi. Da kurakurai sun fara bullowa, wuta ta ɗauke, data ta ƙare, sai ya jingine ya kama wani sabo. Shekara ta zagayo, ayyuka biyar a kwamfuta, babu ko ɗaya da za a nuna.

Ɗan uwa, dubi manoman Gezawa. Tun da rani ake kai taki, ruwa ya sauka a yi shuka. Ranar shuka kowa na murna. Wahalar tana wajen firi da maimai, lokacin da baya ke ciwo, gero bai ko fitar da kai ba. Wanda ya gudu a nan, ciyawa ce za ta gaje shi. Gyaran kurakuran wasanka shi ne maimai ɗinka.

Akwai wani Ba'amurke, Eric Barone, da ya haɗa wasan noma mai suna Stardew Valley shi kaɗai. Fiye da shekara 4 yana kai, sai a 2016 ya fito, mutane miliyoyi suka saya. Mu kuwa muna da abin koyi da ya fi wannan: Imamul Bukhari shekara 16 ya yi yana tace Sahihinsa. Kuma Nana A'isha (RA) ta sanar da mu cewa Manzon Allah (SAW) ya fi son aikin da ake lizimta, ko ɗan kaɗan ne.

To, ga shawara. Ka rage girman aikin daidai ƙarfinka. Ka ware awa ɗaya kullum, ko bayan Asuba ne, ko kana jin daɗi ko ba ka ji. Ka gyara niyya: neman halal da amfanar da yaranmu cikin harshensu. Ka tsarkake shi daga caca da tsiraici, kada kuma ya cinye maka jam'i.

Ka buɗe wancan aikin da ka jingine, yau ɗin nan.

Allah Ya sa mu gama da kyau, Ya sanya albarka a sana'o'inmu. Amin.