Awa ɗaya ta kanta

Tambayata ga ƴan uwa ɗalibai ita ce: mai goyo in ta nemi awa ɗaya ta kanta, son kai ta yi?

Ni dai na ce a'a. Kakanninmu ma sun san nauyin abin, shi ya sa suka ware wa mai jego kwana arba'in, ana dama mata kunun kanwa, ba daka, ba ɗebo ruwa. To amma gajiya ba ta ƙarewa ranar arba'in. A babban gida akwai kaka, akwai gwaggo, akwai ƙanwa mai amsar goyo. Mu da ke ɗakin haya a Boukoki ko Talladjé, wa zai amsa? Ki baro Jami'ar Abdou Moumouni, ki ƙetare gadar Kennedy cikin zafin Afrilu, ki tarar an ɗauke wuta, yaro na kuka, ga tukunya, ga jarrabawa gobe. Kina cewa kin gaji, sai a ce "yi haƙuri".

Wannan haƙurin nake tuhuma. Faɗinsa bai cin ko dala. Haƙuri na abin da ba shi da magani ne, ita ko wannan gajiya maganinta na zaune a fada, yana shan shayi har tsakar dare. Ban taɓa jin an kira zamansa son kai ba.

Ni da maƙwabciyata mun fara karɓa-karɓa: Asabar yaranta na wurina, Lahadi nawa na wurinta, awa bibbiyu. Ranar farko na ɗauko littafi zan yi bita. Barci na yi.