Sunan Gida da Amanar Masu Makoki

Binne matattu yana cikin ayyukan jinƙai bakwai na jiki da Ikilisiya take koya mana. Tobit ya sa ransa cikin hatsari a Nineba saboda wannan aiki. To, me za mu ce da wanda ya mai da shi sana'a?

A Amurka, gidajen jana'iza da yawa sun samo asali daga kafintoci masu yin akwatin gawa. Bayan yaƙin basasa na 1861 zuwa 1865, al'adar sa wa gawa magani don kada ta ruɓe ta bazu, aikin ya koma hannun gwanaye, ɗa yana gadon uba. Ɗaya daga cikinsu shi ne gidan Heights na iyalin Waltrip a birnin Houston. A 1962 Robert Waltrip ya kafa kamfanin Service Corporation International, ya shiga sayen gidajen iyalai ɗaya bayan ɗaya, har suka haura dubu. Sau da yawa akan bar tsohon sunan iyalin a bisa ƙofa.

Ba mu ga laifi mai wannan aiki ya karɓi ladansa ba. Mai haƙa kabari ma yana da bakunan ciyarwa. Damuwarmu tana kan mai saye. Matar da mijinta ya rasu jiya ba ta taya kaya, ba ta kuwa zaga gari neman rahusa. Kunya takan hana ta zaɓar akwati mai araha, kada a ce ta raina mamacin. Jessica Mitford ta tona wannan cikin littafinta na 1963, a 1984 kuma doka ta tilasta wa gidajen su nuna farashin kowane abu a rubuce.

Dokar ta taɓa farashi, sunan kuwa ya fi wuya. Matar nan ta zo domin gidan ne ya binne mahaifinta da mutunci, ba ta san ya sāke hannu ba. Babu wanda ya yi mata ƙarya, amma an bar ta cikin zaton da ake cin riba da shi. A ganinmu, wanda ya sayi suna ya ɗauki nauyin alkawarin da ke cikinsa, kuma wajibi ne a faɗa mata mai gidan na yanzu kafin ta sa hannu a takarda.