Giga Nawa Ke Kai Mutum Ƙarshen Wata?

Tambaya ce da ake yi a majalisa, a cikin Adaidaita Sahu, har a wurin zaman ɗaurin aure kafin liman ya iso: giga nawa ke isar mutum a wata? Wani zai ce shi giga 3 ke kai shi, har ya yi ragowa. Na kusa da shi ya kwashe da dariya, ya ce giga 3 ai abincin kwana biyu ce a wurinsa. Dukansu gaskiya suke faɗa, kuma mai yiwuwa waya iri ɗaya ce a hannunsu, layi ɗaya, unguwa ɗaya. Daga nan sai hira ta karkata inda ta saba, a ce kamfanoni ne ke zuƙe wa mutane data, kowa ya kawo nasa labarin.

Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Uwargida za ta dubi buhun masarar da ke jingine a ɗaki ta gaya maka ko zai ga watan gobe ko ba zai gani ba, domin kullum da hannunta take ɗiba, tana ganin wuyan buhun na sauka. Data kuwa awo ce da wannan karin magana ba ta aiki a kanta. Ba a ganinta, ba a jin nauyinta, kuma sau da yawa abin da ido ya ɗauka babba shi ne ƙarami, wanda ya raina kuma shi ke yashe buhun.

Mega ɗaya takan ɗauki haruffa kusan miliyan guda. Littafi mai shafi 200, in rubutu ne zalla babu hotuna, bai cika mega ɗaya ba. Ke nan mutum zai iya wuni yana musayar saƙo a WhatsApp, ya yi gardamar siyasa har yatsunsa su ƙage, bai ci wani abin kirki daga datarsa ba. Saƙon murya na minti ɗaya, irin wanda iyayenmu mata suka fi so saboda ba ya buƙatar rubutu, bai kai rabin mega ba. Kiran murya ta intanet ma yakan tsaya ƙasa da mega ɗaya a minti. Amma ɗan guntun bidiyon da ka kalla kana jiran shayi ya huce, na wani rago da ya bi mai shi da gudu ranar jajibirin Sallah, ya ninka littafin nan nauyi sau da yawa. Dalili shi ne bidiyo hotuna ne ake jerawa, kusan 30 a kowace daƙiƙa, ga sauti a kai. Kamfanin Netflix da kansa ya ce kallon awa ɗaya yakan ci har giga 1 a hoto matsakaici, har giga 3 a mai kyau, har giga 7 a wanda ya fi kowane tsabta. A YouTube, awa ɗaya a ma'aunin 360p takan ci kusan sulusin giga, a 720p kuma giga guda ko fiye.

Yanzu a ɗauki mai giga 10, wanda yake ganin ya yi sayayyar manya. In aka raba ta kwana 30, rabon kowace rana bai wuce mega 330 da 'yan kai ba. Wato awa ɗaya ta bidiyo mai ɗan dishi-dishi, ko minti 20 na mai haske tangaran. Kashi ɗaya na Labarina ko Izzar So, in aka kalle shi da hoto mai kyau, ya cinye rabon kwana biyu ko uku. Ga wanda aikinsa karatu ne da saƙo da tura kuɗi ta manhajar banki, giga 10 ta yi masa yawa. Ga wanda ke kwanciya da TikTok ya tashi da shi, ba za ta ga Juma'a biyu ba.

Wannan lissafin abin da mutum ya kalla da idonsa ke nan. Akwai kuma wanda wayar ke ci ita kaɗai, kuma shi ya fi jawo rantse-rantse.

A bakin kasuwar unguwarmu akwai wani saurayi da ke sayar da kati da data a ƙarƙashin lema, yana kuma cajin waya. Wata rana ina tsaye ina jiran canji, sai ga wani dattijo ya zo, ransa a ɓace, ko sallamar kirki bai yi ba.

"Ɗana, shekaranjiya ka sa min giga biyu, yau da asuba an ce ta ƙare. Ni ba na kallon komai. Wa'azi nake saurara, sai in gaisa da 'ya'yana."

"Sannu, Baba. Kawo wayar in duba maka."

Yaron ya shiga saitin wayar, ya buɗe wurin da take jera manhajoji, kowace da adadin abin da ta ci. Ya juya fuskar wayar wajen dattijon, ya ɗora ɗan yatsa a kan na sama.

"Baba, ga mai cin nan. WhatsApp ne. Guruf nawa kake ciki?"

Dattijo ya fara ƙirgawa da yatsu: na dangi, na masallaci, na 'yan kasuwa, na tsofaffin ɗalibai, da wasu biyu da bai san wanda ya sa shi ba. Yaron ya buɗe ma'ajiyar hotuna, sai ga bidiyoyi jere reras, waɗanda mai wayar bai taɓa buɗe ko ɗaya ba. Wani bidiyon ma sau huɗu ya sauka, daga guruf huɗu. A ƙasa kuma ga wasannin mota da na ƙwallo suna ta sabunta kansu.

"Wannan kuma wa ya sa?"

"Sai dai jikokinka, Baba."

"Ja'irai!"

Yaron ya kashe saukar da bidiyo ke yi da kansa, ya hana manhajoji sabuntawa sai an ga waifai, ya miƙa masa. Dattijo ya ce Allah ya yi albarka, ya sake sayen giga ɗaya, amma yana tafiya yana cewa shi dai har yanzu bai yarda da kamfanonin nan ba.

Irin waɗannan masu ci a ɓoye suna da yawa. Play Store na sabunta manhajoji, wata sabuntawar kuma ta haura mega 100. Google Photos, in an ba shi dama, yakan kwashe duk hoto da bidiyon da aka ɗauka ya ɗora a intanet, kuma ɗorawa ma data take ci kamar saukewa, abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba. WhatsApp na ajiye kwafin hirarraki cikin dare. Facebook da Instagram na kunna bidiyo da zarar ya gifta, ko ba ka taɓa shi ba. TikTok kuwa tun kana kallon wannan ya fara sauke na gaba, don kada ka sami sararin tunanin ajiye wayar. Duk waɗannan akwai maɓallin rage su ko kashe su, kuma wayoyin Android da iPhone na yanzu suna da saitin tsimin data, sai dai ba a cika sayar da waya da shi a kunne ba.

Wani abin mamaki shi ne, kyawun sabis ma na ƙara cin data. Da yawa sun lura cewa tun da suka koma 4G data ta daina auki, suka ɗauka wata sabuwar dabarar cuta ce. Abin da ke faruwa shi ne manhajojin bidiyo na auna ƙarfin sabis da kansu. In ya yi rauni su ba ka hoto mai dishi-dishi, in ya yi ƙarfi su ɗaga shi zuwa mai tsabta ba tare da sun tambaye ka ba. Fim ɗin bai ƙara tsawo ba, amma nauyinsa ya ninka. Ban da haka, a da mutum kan gaji da jiran bidiyo ya buɗe, ya haƙura ya ajiye waya. Yanzu babu jira, saboda haka babu haƙura. Waɗanda suka yi zamanin 2go da Opera Mini a kan ƙananan Nokia za su tuna lokacin da 'yan megogi kaɗan ke kai mutum mako guda. Wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya a 2001, MTN ta ƙaddamar da 5G a 2022, kuma a tsakanin nan cikin waya ya buɗe fiye da yadda aljihun mai ita ya buɗe.

Ba wanke kamfanoni nake yi ba. Suna da nasu. A watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da na data har zuwa kashi 50 cikin ɗari, a lokacin da abinci da sufuri suka riga suka tsuke mutane. Data kuma ita ce kayan da ka biya kuɗinsa amma ake ƙirga maka kwanaki: ko sabis ya ɗauke a garinku kwana uku, wa'adin na tafiya, ragowar da ba ka yi amfani da ita ba kuma takan tafi in ba ka sake saye a kan lokaci ba. Sannan tsarin farashin na hukunta marar ƙarfi. Mai iya sayen babbar data ta wata yana samun kowace giga da rahusa, mai sayen ta kwana ɗaya kuwa, wanda abin da ke hannunsa ke nan, shi ke biyan mafi tsada, kamar dai mai awo da gwangwani da mai ɗaukar buhu. Ɗan acaba ko mai tura baro da ke sa ta ɗari biyu yau, ta ɗari uku gobe, in ya tara abin da ya kashe a wata zai iya tarar da ya fi na ma'aikacin banki, alhali bai sami rabin abin da wancan ya samu ba. Wannan ƙorafi ne na gaskiya, kuma ya fi ƙarfin a ce mutum ya gyara saitin wayarsa.

Sai dai akwai wani ɓangare da ba na kamfani ba ne, namu ne, kuma ban cika jin ana maganarsa ba. Wanda ya tura bidiyo a guruf, kuɗin mutane yake kashewa. Guruf ɗin WhatsApp na iya ɗaukar mutum 1,024. A ce na mutum 250 ne kawai, aka jefa bidiyo mai mega 20, kowa ya sauke: giga 5 ke nan ta tashi daga aljihun jama'a, shi kuwa mai turawar mega 20 kacal ya biya, yana ma jin ya yi aikin lada. A cikinsu akwai ɗalibar da ta sa data don duba sakamakon jarrabawa, da bazawarar da ke jiran saƙon mai sayen turarenta. Gaisuwar Juma'a da za a iya rubutawa da kalmomi biyar, sai a naɗe ta cikin bidiyon furanni masu juyawa, a aika wa duk wanda ke cikin waya. Bidiyon haɗarin mota na shekara biyar da ta wuce ya dawo a matsayin na yau da safe. Ni a ganina ladabin guruf ya kamata ya haɗa da wannan: in abu mai nauyi ne a rubuta a ƙasansa ko mene ne, mai so ya sauke, marar so ya wuce. In karatu ne ko wa'azi da fuskar mai magana ba ta ƙara komai, a tura sautin kawai.

Mutanenmu ma ai sun daɗe da gano hanyoyin zagaye. Masu turi a kasuwannin waya irin Farm Centre ta Kano su sauke fim sau ɗaya, su tura wa ɗaruruwa a kan kuɗi kaɗan. Matasa na musayar bidiyo ta Xender daga waya zuwa waya ba tare da an taɓa data ba. Wasu na jiran tsakar dare su sayi ta dare mai araha, su sauke abin da za su kalla gobe, ko da yake barci ne ke biyan bambancin. Rediyon FM da ke cikin wayoyi da yawa kuma ko mega ɗaya ba ya ci, abin sawa a kunne kawai yake buƙata ya zame masa eriya.

Wanda ke son sanin tasa gigar ba sai ya tambayi majalisa ba. Ranar da ya sa data ya duba ma'aunin da ke cikin saitin wayarsa, ya sake dubawa bayan mako guda, ya ninka sau huɗu ya ɗan ƙara. A Najeriya, tun da aka daidaita lambobin kamfanoni a 2023, *323# na nuna ragowar data a kowane layi, *312# kuma ta saye ce. Sai dai ya tuna watanni ba ɗaya ba ne. Watan azumi da ake bin tafsiri kai tsaye a Facebook daban yake, haka watan da ake aurar da ƙanwa, hotuna da bidiyon kamu na shigowa ta ko'ina. Magidancin da yara ke zagaye shi bayan sallar isha'i suna cewa "Abba, jona min data minti biyu kawai" kuwa, sai ya sa su a lissafi tun daga farko, domin wayar da aka jona na iya ɗauka waifai ta samu, ta saki duk sabuntawar da ta daɗe tana riƙewa.